Bidiyon Bakin Dam

Da hantsin Lahadi Fasto Habila ya shigo ofishin 'yan sanda na Talata Mafara yana share gumi. An ɗauke kwamfutar cocinsu, wadda ake haska baitocin waƙa da ita a bango.

Sufeto Misbahu ya bi shi zuwa cocin. Abin da ya fara lura da shi, ba a fasa ƙofa ba. Ga majigi a kan tebur, ga lasifika, duk ba a taɓa ba. Ɓarawon da ya zo neman abin sayarwa ba zai bar su ba.

Makulli na hannun mutum biyu ban da Fasto: Malama Nagode mai kula da kwamfutar, da Balarabe shugaban mawaƙa, mai sayar da fetur a bakin tasha.

Ya fara da Nagode. Ta ce aikinta shi ne jera bidiyon da ke motsi a bayan rubutun waƙa. Ita ke ɗauko su da wayarta, gonakin shinkafa na Bakura, ruwan dam a Maradun, sai ta ware na yabo daban, na addu'a daban. Jiya da yamma tana wannan aikin a bango, mawaƙa na gwaji.

"Wani ya yi miki magana a kansu?"

"Balarabe ya ce in goge na bakin dam. Wai motsin ruwan na sa mutane jiri."

"Kin goge?"

"A'a, ranka ya daɗe. Na ce sai Fasto ya gani."

Balarabe kuwa ya ce tun kafin a kunna majigi ya tafi, kansa na ciwo. Bai ga bidiyon kowa ba, kuma rabonsa da Maradun tun bara. Yana magana yana murza makullin babur a hannu.

Misbahu ya koma wurin Nagode ya karɓi wayarta, domin asalin bidiyon na ciki. Ya kalla sau ɗaya, ruwa ne kawai da tsuntsaye. Ya sake kallo yana jan hoton da yatsa. Can gefe, ƙarƙashin wata tsamiya, ga jan babur ɗaure da jarkoki. Mutum na sauke su, wasu biyu na karɓa, bindigogi rataye a kafaɗunsu. A waya sai an ƙura ido. A bangon coci kuwa fuskar za ta fito kamar ta mai tsaye a gabanka.

In maganar ta fita kafin ya kama mutumin, ran Nagode ne a kai. Ya sa aka tsare ƙofa, ya kira Balarabe ɗakin Fasto, ya ajiye masa wayar.

"Ka ce rabonka da Maradun tun bara. Wannan bidiyon kuwa ranar Alhamis aka ɗauke shi."

Balarabe ya daɗe yana kallo, sannan ya zame ya zauna a ƙasa. Ya ce kwamfutar na cikin rumbunsa, bai lalata ta ba. Tun damina 'yan bindiga suka tare shi a hanyar gonarsa ta Tsibiri, suka faɗa masa sunan ɗiyarsa da makarantar da take zuwa. Daga nan duk mako yake kai musu mai.

"Ka san ƙauyukan da suka shiga da man nan?" in ji Misbahu.

"Na sani, yallaɓai. Da ni aka yi jana'izar wasu."

Aka sa masa ankwa, aka fito da shi ta tsakiyar jama'ar da ke jiran sujada. A bakin mota ya tsaya, bai ɗago kai ba.

"Ɗiyata fa?"

Misbahu ya juya ga sajansa. "Je ka ɗauko ta da uwarta. Yanzu, kafin labari ya kai daji."