Hanyar Almakashi

"Hannun Goggo ne," ya ce, bai ko ɗaga ido ya dubi bangon ba.

Na ce masa ba nata ba ne. Ga Goggo can a ɗaya gefen hoton ta harɗe hannuwanta biyu a ƙirji, sai dai in Allah ya yi ta da na uku.

Bai yi dariya ba, shi da ko tuntuɓe na yi sai ya dara kafin ya ce mini sannu.

Muna tsaye ne a siririn lungun da ya haɗa shagon hotonsu da cikin gida, inda hotunan iyalinsu ke jere cikin gilashi. A wanda nake nuna masa, shi ne ɗan yaro da wando ya yi masa yawa, mahaifinsa na zaune a kujera, ƙanwar mahaifin, wato Goggo, na tsaye. A kafaɗar yaron akwai yatsun mace da siririn zobe. Daga wuyan hannu babu kowa, nan takardar ta ƙare.

"Haskena, karatun nan naki zai sa ki fara ganin aljanu a bango," ya ce a hankali.

"Hannun mahaifiyarka ne."

Ya juya ya koma shago, ya bar ni da yatsun.

Digiri na biyu nake yi a kan yadda ake nuna mata a zane da hoto da fim. Malamata, wata 'yar firit ɗin mace mai tabarau wadda yabo ke yi wa wuya a baki, ita ta koya mini in daina kallon tsakiyar hoto, in riƙa duba gefe. Ranar da ta amince in yi bincike a kan tsofaffin hotunan iyali, ta bi ni da magana har bakin ƙofa: in na ga an yanke wani abu, in tambayi inda aka kai shi.

Neman tsofaffin hotuna ne ya kai ni shagon nan. Na shiga neman hoto, na fito da mai hoton. Har yau ƙawayena na tsokanata wai ni kaɗai ce na tafi bincike na dawo da sakamako mai gemu.

Ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Mutum ne mai sanyin hali, wanda in yaro ya ƙi tsayawa a ɗauke shi, zai durƙusa ya yi ta kukan akuya har yaron ya washe baki. Abin da ya sani game da mahaifiyarsa kaɗan ne. Mahaifinsa, Baba, ya sake ta tun shi yana ƙarami, ta koma wajen danginta, ta rasu kafin ya yi wayon nemanta. Ko kamanninta ba ya tunawa. Ya taɓa ce mini babu hotonta ko ɗaya, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, domin gidan mai hoto ne.

Ranar nan, bayan ya koma shago, na bi sauran hotunan ɗaya bayan ɗaya. Duk sun fi firam ɗinsu ƙanƙanta, an cike gefen da baƙar takarda. A wani na ga bakin mayafi, na matar da Baba ya aura bayan mahaifiyarsa. A wani na ga kan takalmi, na wadda ta biyo bayanta. A na ƙarshe, sabo fil, yayansa na tsaye yana murmushi, kusa da shi babu komai sai inuwar mace a ƙasa. Matar yayan ce, wadda bara ake ta ji da ita.

Tsigar jikina ta tashi. An riga an sa mana rana.

Washegari na nemi Baba ya ba ni lokaci saboda bincikena, ya kuwa amsa da fara'a. Dogo ne, tsaf-tsaf, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya zaunar da ni gaban teburinsa, ya sauko da wani dogon almakashi mai baƙin mariƙi daga ƙusa, yana goge shi da ƙyalle muna hira. Goggo na can tana sharar shagon. Duk da ciwon bayanta, ba ta yarda kowa ya taɓa tsintsiyar nan sai ita.

Na tambaye shi me ya sa hotunan suka tsuke. Ya yi murmushi irin na malamin da ɗalibi ya yi wa tambaya mai kyau.

"Hoton iyali abin ajiya ne, 'yata. Jini a tsakiya. Wadda aka auro kuma a gefe, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninta da mutane. Ita muke kira hanyar almakashi. In zama ya yi daɗi, ba mai lura. In bai yi ba, ba a yi asarar hoto ba."

Na ce, to yatsun da ke kafaɗar yaron fa? Ya ce lokacin bai ƙware ba, ita kuma ba ta jin magana, ana dab da ɗauka ta miƙo hannu.

"Abin da aka yanke fa, Baba? Ina ake kai shi?"

"Shara."

Tsintsiyar Goggo ta tsaya, sannan ta ci gaba. Baba ya buɗe almakashin ya rufe, ƙaras, ya dube ni tun daga kai har ƙafa kamar tela mai awo. Ya ce kafin biki za a ɗauki na gida da ni a ciki, haka ake yi wa duk wadda za ta shigo.

Da na koma gidanmu, na ba Mama labari. Ta ce ita dama abin da ke damunta da gidan, ba ta ga macen da ta tsufa a cikinsa ba sai wadda aka haifa a ciki. Ta ce yaron kam ba ta da abin cewa a kansa, amma in buɗe idona.

Na buɗe, na kuma ga abin da ban so gani ba.

Wata rana da hantsi ina zaune a shagon, wasu iyali suka zo ɗaukar hoto, tsohuwa da 'ya'yanta maza da wata amarya mai kunya. Masoyina ya jera su yana ta ba su dariya, ya koma bayan kyamara, ya leƙa, ya ɗaga hannu.

"Amarya, matsa kaɗan. Ƙara... yauwa."

Tazarar yatsa biyu. Bai ma san ya yi ba.

Suna fita na faɗa masa. Da farko ya ce haske ne ya sa. Na ce ya buɗe hotunan da ya ɗauka a watan nan mu gani. Muka bi su tare a kwamfuta, iyali bayan iyali, ko'ina ga hanyar nan a buɗe kusa da matar gida. Ya kashe kwamfutar.

Ya ce in fahimce shi. Baba ne ya yi masa uwa ya yi masa uba, shi ya yi masa wanka, shi ya ɗora masa kyamara a hannu. Yayansa ya yi nisa, Goggo ta tsufa, in shi ma ya juya wa tsohon baya, wa ya rage masa? Ya ce hoto takarda ne kawai, in daure in tsaya inda aka ce, zuciyarsa ai ba takarda ba ce.

"Matar yayanka ma haka aka ce mata," na ce.

"Abar ƙaunata, kin san ba zan taɓa..."

"Na san ba ka so. Hannunka ne ya saba. Ba tsakiya nake nema ba, ko a bakin ƙofa ka tsayar da ni zan tsaya. Amma ba zan shiga gidan da aka bar wa almakashi hanya a gefena ba. Ranar hoton nan zan san ko akwai aure ko babu."

Na faɗa da ƙarfin hali, amma kuka na yi ta yi a mota har gida. Tsoro nake ji, ba na Baba kaɗai ba, har na ranar da zan ga fuskar Baba a fuskar wanda nake so.

Ranar ta zo da safe. An sauke tsohon labulen bango mai zanen matakalar da ba ta kai ko'ina ba. An kafa tsohuwar kyamara mai fim a kan ƙafafunta, domin hoton gida da ita ake ɗauka, Baba ne kuma kaɗai ke wanke shi. Yayan bai samu zuwa ba. Baba ya zauna a kujera, Goggo ta tsaya a damansa. Wurin masoyina a hagu ne, jikin kujerar, ni kuma bayan wurinsa, can gefe.

Goggo ta gyara mini mayafi tana cewa amaryarmu 'yar boko yau ta yi kyau, amma ba ta yarda mun haɗa ido ba. Almakashin na rataye a ƙusarsa, daidai inda nake kallo.

Masoyina ya leƙa cikin kyamara. Ya ɗaga hannu.

"Matsa kaɗan, Haskena."

Na matsa.

"Ƙara kaɗan..."

Na ƙara. Na gama shawara a raina, fitila na haskawa zan ɗauki jakata in tafi gida in ce wa Mama a fasa.

Ya daɗe a sunkuye yana kallona ta gilashin, har Baba ya yi gyaran murya. Sannan ya saita kyamarar ta ɗauka da kanta, ta fara 'yar ƙara, ya tako. Ya ɗora hannunsa a kafaɗar mahaifinsa kamar yadda ya saba. Amma bai tsaya jikin kujerar ba. Ya ja da baya, ya gusa, ya tsaya a bayana, cikin tazarar.

Ko mayafina bai taɓa ba. Sai dai ni hoto nake karanta, na san yadda zai fito a takarda: kafaɗata a kan rabin ƙirjinsa, babu inda ƙarfe zai bi.

Fitila ta haska.

Baba bai waiwayo ba. Inuwarmu ya gani a ƙasa.

"Ka toshe hanya."

"Na sani, Baba."

"A sake."

"A gafarce ni, Baba... ba zan sake ba. Duk ranar da za a yanke ta, sai dai a haɗa da ni."

Baba ya miƙe a natse, ya naɗe fim ɗin, ya zare shi ya sa a aljihu.

"To," ya ce.

Na sha jin faɗa a rayuwata, amma ban taɓa jin abin da ya tsorata ni kamar wannan "to" ɗin ba.

An ɗaura aure. Baba ya zo, ya yi duk abin da uba ke yi, ya gaisa da kowa, bai dubi ɗansa ba. Kashegari aka sauya kwaɗon shagon. Mijina ya je gaisuwa ya fi a ƙirga, kullum a ce masa Baba na hutawa. Ya samu aiki a wani shagon, muka kama ɗaki biyu a saman wani kanti. Yana dariya, yana tsokanata, amma sau da yawa nakan same shi a zaune yana murza tafin hannunsa.

Wata rana da la'asar Goggo ta hawo benenmu tana nishi, tana mitar cewa mun zaɓi sama don kada tsofaffi su dame mu. Ta ƙi shan ruwa. Ta zauna, ta kwance wani tsohon hankici a cinyarta, ta miƙa wa mijina siririyar takarda.

Mu ne. Ni a gaba, shi a bayana, an yanke mu tare. Hannunsa da ya miƙa wajen mahaifinsa ya ƙare a wuyan hannu.

Goggo ta ce Baba ya so ya cire yatsun, ya ga sai ya yanki kafaɗar kansa, ya rataye hoton haka nan. Ta ce yanzu a lungun yake wuni, ya ja kujera gaban bangon, ko abokin ciniki ya yi sallama ba ya ji.

Mijina ya sunkuyar da kai. Na matsa kusa da shi.

"Saura ɗaya," Goggo ta ce. "Ni nake sharar shagon nan, ɗana. Ban taɓa zubar da ko ɗaya ba. Tsoron yayana ne ya hana ni ba ka... yanzu kuwa kai ma ka shigo hankicin."

Ta zaro wata takardar, ta tsufa har ta yi ja. Wata matashiya ce mai cikar gira irin tasa, ta karkata gefe guda, ta miƙa hannu wajen wani da ba ya cikin takardar. Nata hannun ma a wuyan hannu ya ƙare.

Malamata ta samu amsar tambayarta, amma ranar ban iya rubuta ko harafi ba.

Mijina ya jera takardun biyu a kan gwiwarsa, uwa da ɗa, kowanne ya baro hannunsa a wancan bangon. Hawayensa na zuba, yana kare su da tafinsa kada su jiƙa ta. Ya daɗe yana kallon fuskar, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Haskena... ashe dariya take yi."