Ƙwallon Goruba a Rigar Illo

"Rago ne! Ba ni ba rago ɗiyata!"

Baba Dudu, mahaifin Hansatu, ya yi jifa da garma a tsakar gida. Yau ma an tsinci Illo, saurayin Hansatu, yana gyangyaɗi a kan kunya a gonar surukai, ana tsakiyar huɗa.

"Baba, wallahi ba halinsa ba ne..."

"To halin wa? In ya sake, na fasa auren!"

Hankalin Hansatu ya tashi. Amma ita akwai bin diddigi, ba ta ganin abu ta ƙyale. Mutumin da ke tuƙa kwalekwale daga garin Wara har tsallaken kogi, a ce masa rago? Haba!

Washegari da ta kai abinci gona, ta tarar da Illo rigingine a gindin ɗorawa yana minshari kamar injin niƙa. Ta tsuguna tana kallo. Can sai ƙarar ta ɗauke... ƙirjinsa na kokawa, numfashi babu. Ta miƙe zumbur! Kafin ta yi ihu ya shaƙi iska da ƙarfi, ya juya gefe, numfashin ya daidaita.

"Illo, kullum haka kake barci?"

"Masoyiyata, mai barci ina ya san barcinsa? Ni dai nakan tashi da ciwon kai, kamar ban kwanta ba."

Ta matsa masa sai da suka je asibiti. Malamin asibitin ya ce ɗaukewar numfashi cikin barci ce ke sa shi yini yana gyangyaɗi, kuma abin ya yi yawa a ƙauyukan bakin ruwa, mutane ne ba sa kawowa, sun ɗauke shi abin dariya. Kaurin wuya da toshewar hanci ke jawo shi, kwanciyar rigingine ta ƙara.

Ranar ta ɗinke ƙwallon goruba a bayan rigar barcinsa.

"Ke Hansatu, azaba za ki ba ni?"

"Ka juya rigingine ka gani, maigida!"

Kafin ƙarshen damina Illo ne ke gaba a huɗa. Baba Dudu ya yi gyaran murya ya ce a sa rana bayan girbi.

Hansatu na cikin kukan murna Inna ta jawo ta ɗaki, ta miƙa mata tsohuwar rigar Baba.

"Ɗinka wa ubanki shi ma. Tun kafin a haife ki nake zaune cikin dare ina sauraron shirun nan in numfashinsa ya ɗauke... ban taɓa faɗa wa kowa ba."