Muryar da Ta Kira Mu a Saman Pauwa

Bayan la'asar muka taso daga Maraɗi, ni da Kyaftin Maharazu, cikin ƙaramin jirgin sama na feshin tsuntsun jan-baki. Tsuntsun na cinye dawar mutanen Sabuwa, mu ake jira. Ni Gide, bakanike ne, ba wanda ya koya mini, kuma raina a ɓace yake. Awa uku aka riƙe mu kan takardar hanya, wai ba da Faransanci muka cika ba. Muna tsallake iyaka aka ce mu nemi hasumiyar filin jirgin ƙasarmu. Muka yi ta kira a rediyo, mun yi nisa, sai ƙara kamar ana suya.

A saman Kankara hadari ya rufe mu ruf. A irin wannan hali jikinka ƙarya yake maka, agogunan jirgi da ke gabanka kawai za ka bi. Kuma doka ce, duk umarnin da hasumiya ta bayar, matuƙi ya maimaita shi.

Dab da magariba rediyo ta washe. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika jirgin.

"Maharazu." Muryar tsohuwa ce, a hankali. "Sauko ƙahwa dubu biyu."

"Ƙafa dubu biyu," ya maimaita, ya tura sitiyari.

Na ce, "Kyaftin, kanka ɗaya kuwa? Duwatsun Pauwa sun fi haka tsawo! Wace hasumiya ke kiran mutum da sunan yanka? A gidanku ba a hana ka amsa kiran magariba in ba ka ga mai shi ba?"

"Doka ce," ya ce cikin raɗa. Ko ƙiftawa ba ya yi.

Allurar tsawo ta tsaya cak a dubu biyar. Kunnuwana kuwa toshewa suke. Sauka muke yi.

"Gide," in ji muryar. "Kai ba ka amsawa?"

Ni da ba a faɗa mini ɗaya ban rama goma ba. Na ciji harshe har jini.

Na fizge wayar rediyo. Na ja sitiyarin gefena har ƙirji.

Hadari ya tsage.

Baƙin dutse. Tsamiya a kansa. Ganyenta ya shafi taya.

Mun sauka da ranmu, amma washegari Maharazu ya ƙi tashi, tsuntsu ya ƙarasa dawar Sabuwa. Yanzu taki yake sayarwa a kasuwar 'Yankara. Ko matarsa ta kira shi daga bayan ƙofa, sai ya ga fuska yake amsawa.

Ni kuwa takardar tuhuma kamfani ya miƙo mini, wai na lalata rediyo. Na gyara ta tsaf, na ajiye kan teburin manaja. Na ce ya kunna da magariba, ya amsa da kansa.