Ƙafar Farko a Gidan Kaka Thom

Tun da sassafe a ranar farko ta bikin Tet, wato sabuwar shekararmu, Kaka Thom ta zauna a kan gadonta na katako tana fuskantar ƙofar gida, ta hana kowa sakat. An ɓoye tsintsiya kada wani ya share arziki waje, turare na tashi a kan teburin tunawa da kakanni, shayi ya dahu har ya fara hucewa. Mutum ɗaya ake jira, Malam Dinh mai shagon yadi. Kowa a birnin Hue ya san ƙafar da ta fara taka gida a safiyar sabuwar shekara ita ke ɗauke da sa'ar gidan har shekara ta zagayo, don haka ba a barin abin ga duk wanda ya ga dama. Kaka da kanta ta zaɓi Malam Dinh: cinikinsa na tafiya, jikoki reras, ba a yi masa rasuwa ba, kuma shekarar haihuwarsa ta jitu da tata.

Sai dai Malam Dinh ya makara. Mutumin da aikinsa ɗaya tak a shekara, ya tako ƙofar mutane ya sha shayi, shi ne ya kwanta yana sharar barci.

Ana cikin wannan jira aka ji ƙararrawar keke, ƙyauren da aka bari a buɗe ya motsa. Goggo Bich, 'yar Kaka da ke riƙe da gidan, ta miƙe da fara'arta, sai fara'ar ta daskare. Wani dogon Bature ne ya shigo tsakar gida, ya sha doguwar riga shuɗiya irin tamu wadda ta tsaya masa a gwiwa, yana rungume da kwandon lemo, bakinsa har kunne. Ya rusuna ya karanto gaisuwar sabuwar shekara da ya haddace, bai tsallake ko kalma ɗaya ba.

Suong, jikar Kaka, ta leƙo daga kicin, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tibor ne, ɗalibin da jami'arsu ta karɓo daga ƙasar Hangari ya yi shekara guda. Ita aka haɗa shi da ita don ta koya masa yare, daga koyon yare kuma abu ya zarce inda malamai ba su tsara ba. Ta daɗe tana neman ranar da za ta nuna shi a gida, ta ga babu kamar lokacin biki da zukata ke sanyi. Ta ce masa ya zo da Tet, amma ba ta faɗa masa cewa abokai sai rana ta uku ba. To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kaka ta ƙare masa kallo. Tunda ƙafa ta riga ta taka, sai a duba ko wace iri ce. Ta sa Goggo ta tambaye shi shekarar haihuwarsa, aka lissafa a yatsu, aka ga ita da ta Kaka ba sa ga maciji. Goggo ta kuma tambayi lafiyar mutanen gidansu. Shi kuwa bawan Allah, da yarensa mai ɗingishi, ya ce kowa lafiya, sai dai kakansa ya rasu kafin sanyi ya shiga.

"Mai makoki!" Goggo ta dafe ƙirji. "Mai makoki ne ya buɗe mana shekara!"

A daidai lokacin Malam Dinh ya iso yana gyara maɓallin riga, yana tambaya ko ya makara. Babu wanda ya ko dube shi.

Da yamma Kaka ta yanke hukunci, ba hayaniya ba zagi, wanda ya fi zagin ciwo. Ta ce baƙon nan kada ya sake taka mata gida har shekara ta fita. Suong ta durƙusa tana kuka, ta ce kafin shekara ta fita ai ya koma ƙasarsu, da damina ta kusa zai tafi. Kaka ta ce wannan kuma ba ita ta tsara wa jami'a ba. Kuma kowa ya san yarinyar da Kaka ta yi renonta tun da iyayenta suka tafi aiki kudu ba za ta auri mutumin da bai zauna a tabarmar gidan ya ci shinkafa ba.

Daga nan fa Tibor ya shiga uku. Kaza ta daina ƙwai, ƙafar Bature. Tulun miyar kifi ya tsage, ƙafar Bature. Babur ɗin Goggo ya ƙi tashi, babur ɗin da tun ina ganin hanya da kyau yake ƙin tashi, shi ma ƙafar Bature. Ni da nake makwabtaka da su na ji da kunnena ranar da Goggo ta ƙona tukunyar shinkafa saboda ta tsaya gulma a bakin shinge, ta dawo tana cewa dama ta san shekarar nan ba za ta yi kyau ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Shi ma gogan bai taimaki kansa ba. Da suka haɗu bayan lacca a wajen mai sayar da ruwan rake, Suong ta zayyana masa abin da ake ciki, sai ya fashe da dariya.

"Haba Suong, ke fa kimiyya kike karantawa. Ƙafata ce ta hana kaza ƙwai? Ki bari in je in yi mata bayani, minti biyar ya isa."

"Bayani?" Ta ajiye kofin da ƙarfi. "Ka zo ƙasar mutane koyon al'ada, ka ɗauki hoton kowane haikali, ka cika waya da hoton taliya, amma tsohuwa ɗaya ta gagare ka fahimta. Ni ban ce ƙafarka ta yi komai ba. Kakata ta binne miji da 'ya'ya biyu, ta ga ambaliya ta tafi da rufin gidanta. Safiya ɗaya ce a shekara take jin tana da iko a kan abin da zai same mu, ita ce ka shigo ka taka da takalminka lamba arba'in da shida."

"Sori," in ji shi a hankali.

"Riƙe sorinka. A gida a ce na kawo masifa, a nan ka ce mu 'yan camfi ne. Na gaji da ku duka."

Ta hau kekenta ta tafi tana share hawaye, ta bar shi da kofi biyu.

Abin da ya yi bayan haka ni ma da farko haushi ya ba ni. Ranar Asabar sai ga shi a bakin ƙyaure, ya tsaya daga waje, ya harɗe hannuwa a ƙirji yadda yara ke gaida manya, ya ɗaga murya ya gaida Kaka. Ba ta amsa ba. Ya rataye ledar mangwaro a jikin shinge ya tafi. Goggo ta kwashe ta kai wa makwabta, kuma ba zan ɓoye ba, mangwaron da zaƙi. Asabar ta gaba ya dawo, ta gaba ma haka, cikin yayyafin nan namu da ba ya jiƙa mutum sai ya gama shiga ƙashinsa. Yaran layi suka sa masa suna Mai Gadi. Bai taɓa sa ko ɗan yatsan ƙafa a ciki ba, bai kuma sake zancen bayani ba.

Suong kuwa ta rame. Goggo ta sa ta gaba da mita safe da yamma: ga ɗan mai kemis nan da gidan bene, ga wane da ke aiki a banki, ita ta nace wa mutumin da ko tsinken cin abinci bai iya riƙewa ba. Yarinyar ba ta mayar da magana, sai dai ta shiga bayan gida wajen bishiyar ayaba ta yi kukanta ta wanke fuska. Lokacin tafiyarsa na matsowa, har an fara yi wa baƙin ɗalibai liyafar bankwana a makaranta.

Wata Asabar Goggo ta tafi kasuwa, Suong na ɗakin jarrabawa. Kaka ta fito tsinko ganyen miya, ta taka tubalin da gansakuka ya lulluɓe, santsi ya kwashe ta. Tibor na tsaye a inda ya saba, ya ji ƙarar faɗuwar, ya hango ta kwance ƙafa a karkace. Ya kama ƙyauren zai tura.

"Kada ka shigo," in ji Kaka, tana cije leɓe.

Ya waiga hagu da dama, layin ba kowa, ni kaina ina wajen ɗinki. Ya ce, "Kaka, ki yafe mini, gobe ki ƙara mini shekara goma a waje." Ya tura ƙyauren ya shiga, ya ɗauke ta cak kamar jaririya, ya fita da ita titi ya tare mota. Direban ya ba ni labari daga baya cewa tun daga layinmu har asibiti tsohuwar na yi masa faɗa, shi kuwa yana riƙe da kanta kada ya bugu, yana cewa to, to.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Goggo na isowa ta fara: an gani ko, ba ta faɗa ba, ƙafar nan sai da ta karya uwarta. Haba! Mutum ya ɗauko uwarki daga ƙasa, ko numfashi bai mayar ba, abin da zai fara ji ke nan. Jinya a asibitocinmu sai da dangi, su kai abinci, su yi fifita, su juya majiyyaci. Goggo na da rumfarta a kasuwa, Suong na da jarrabawa, sai ya zama Tibor ke zuwa da rana da kwanon kunun shinkafa. Kwanakin farko Kaka ta juya fuska ga bango. Daga baya ta fara karɓa tana ƙorafin gishiri ya yi yawa.

Wata rana, Suong na zaune a gefen gado tana ɓare lemo, Kaka ta dube shi ta yi tambayar da babu wanda ya taɓa yi masa tun ranar da abin ya faru.

"Kai baƙo, me ya fito da kai da sassafe haka ranar nan? Korar ka aka yi daga makaranta?"

Ya haɗa kalmominsa da ƙyar. Ya ce a gidansu, duk safiyar sabuwar shekara shi ke riga kowa zuwa gaida kakansa, tun yana ƙarami, har tsere suke yi da 'yan'uwansa. Bana babu kakan, kuma bai samu zuwa jana'iza ba saboda nisa. Da Suong ta ce tana da kaka, sai ya ƙudura zai riga kowa gaishe ta.

Lemon ya faɗi daga hannun Suong. Kaka kuwa ta ce a miƙo mata kunun kafin ya huce.

Ranar da aka sallame ta, saura mako guda jirginsa ya tashi. Shi ya turo ta a keken guragu tun daga bakin titi, Goggo na biye da kaya tana mita, Suong na riƙe da lema. Da suka iso ƙyaure sai ya tsaya cak, ya saki keken, ya koma gefe inda ya saba tsayawa. Goggo ta matso za ta karɓa, Kaka ta buge mata hannu.

"Jikana, a titi za ka bar ni? Tura mu shiga."

Goggo ta buɗe baki, ta ce ai shekara ba ta fita ba.

"Ni na sa dokar, ni na cire. Ke kuma ki je ki ɗora shinkafa, ki tsaya a kanta yau."

Ya tura ta har gaban teburin kakanni. Ta sa aka kunna turare, ta ba shi ya riƙe da hannu biyu, ta dubi hoton mijinta ta yi masa magana kamar yana zaune. Ta ce ga wani dogo nan daga nesa, ba shi da wayo ko kaɗan, amma yana da kunya kuma bayansa da ƙarfi. Ta ce zai je ya gama karatu, ya dawo da iyayensa da tire-tiren gaisuwa lulluɓe da jan ƙyalle yadda ake yi, kafin nan ko hannun Suong bai isa ya riƙe ba. Sau uku tana gwada faɗin sunansa yana ƙin fita, ta ce wa marigayin ya yi haƙuri, idan yaron ya dawo ya ji daga bakinsa. Suong na bayansu tana kuka tana dariya a haɗe.

Ku 'yan makaranta masu ɗaukar jaka ku tafi ƙasar wasu, ku riƙe wannan: baƙo ko da idonsa makaho ne, tambaya tun daga bakin ƙofa ta fi ban haƙuri a tsakar gida. Idan kuma kuskure ya riga ya auku, gardama ba ta buɗe zuciyar tsoho, haƙuri da ladabi ke buɗe ta. Mu ma masu gida da namu: wata da watanni muna tuhumar ƙafar yaron nan, babu wanda ya tambaye shi abin da ya kawo ta.