Gimbiyar da Ta Zama Hayaƙi

Ran kasuwar Magaria, Mubaraka ta faɗo rumfar Habibu, mai tura littattafan saurare a salula, ta dangwarar da wayarta a gabansa.

"Malam, wannan wane irin cin amana ne? Tun bara muke bin labarin Barde Guguwa, ya ƙetare tekun wuta, ya kashe dodo, sai ranar ɗaurin aure gimbiyar aljanu ta zama hayaƙi?"

Habibu bai ji rabin faɗan ba, idanunta yake kallo. "Wallahi ni ma ranar kasa cin tuwo na yi," ya ce. Ƙarya yake, har ƙari ya yi, amma ya sa ta dariya.

Daga nan saƙo ya kama hanya tsakanin Magaria da Yekuwa, garin su Mubaraka.

"Gimbiyata, ke dai kar ki zama hayaƙi."

"Bardena, in ka isa ka turo gida."

Ya turo kuwa. Murna kamar ta kashe Mubaraka, sai Goggo, wadda ta raine ta, ta kafe. Da sauraren littafin nan matan gidan suke ɓarar gujiya, kuma a wurin Goggo wanda ya zuba labari a waya shi ya ƙaga shi.

"Yaron da ya raba masoya ana shirin shafa fatiha? Ba shi da imani. Ban ba shi ɗiyata."

Ba irin bayanin da Mubaraka ba ta yi ba. Da kuka ta rubuta masa: "Goggo ta ce kai ka kashe gimbiya. Zan rasa ka."

"Share hawayenki, zan dawo da ita."

Washegari da hantsi sai ga shi a moto. Ya durƙusa ya ce, "Goggo, na yi kuskure, na zo gyara." Mubaraka na bayan zana, ta kasa kunne.

Ya fara ƙaga wa labarin sabon ƙarshe, yana gumi yana kame-kame: wai Barde ya tara hayaƙin a kwando.

"Kai, wane irin kwando!" Goggo ta katse shi. "Tulu zai samu, ya rufe da faifai!"

Shi ke nan ta ƙwace labarin. Ta dawo da gimbiya, ta yi mata lalle, ta kai ta ɗaki, mata suka ɗauki guɗa.

Sannan ta dube shi. "Ba ka iya labari ba, amma kana jin gyara. Ka ce wa manyanka su dawo."

Bayan kaka aka ɗaura. Goggo ta damƙa masa hannun Mubaraka. "Ga amana nan. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa mutuwa ce za ta raba."