Katin Makarantar Shaho

Al'amarin ya fara ne ranar Litinin da hantsi, ana saura mako guda ɗalibar da ake kira Auta ta kare kundin digirinta na uku. Ana ce mata haka ne domin ita ce ɗaliba ta ƙarshe da Farfesa, mai duba aikinta, ya karɓa, don yana dab da yin ritaya. Ta shiga ɗakin bincike na sashen ilimi, ta tarar an ɓalle ƙofar kabad ɗin ƙarfen da take ajiye katunan bidiyon bincikenta.

Da Sufeto, 'yar sandan da aka kira, ta iso, ta sami Auta zaune, tana maimaita innalillahi ƙasa-ƙasa. Sufeto ta leƙa cikin kabad ɗin. Kyamarori biyu masu tsada suna nan ba a taɓa su ba. Ga kuma ambulan huɗu a jere, kowanne da sunan tsuntsu: Tattabara, Hazbiya, Zalɓe, Shaho. Na Shaho kaɗai ke buɗe, babu komai a ciki.

"Me aka ɗauka?"

"Katin bidiyon Shaho kaɗai, ranki ya daɗe. Darussan koyon karatu ne da na ɗauka a makarantun firamare huɗu."

"Ba ki da kwafi?"

"Ƙa'idar bincike ta hana, saboda fuskokin yara ne a ciki. Ko sunayen makarantun ba a faɗa, shi ya sa aka laƙaba musu sunayen tsuntsaye."

Sufeto ta durƙusa ta duba makullin. An lanƙwasa bakin ƙofar da ƙarfe, amma harshen makullin yana can ciki, ko ƙwarzane babu. Wato an fara buɗewa da mabuɗi, sannan aka ɓalle ƙofar da take a buɗe. Mabuɗan kuwa uku ne: na Auta, na Farfesa, da na mai kula da na'urori, wanda ɗalibai suke kira Injiniya.

Ta fara da Injiniya.

"Ranki ya daɗe, da ni ne ɓarawon ai kyamara zan ɗauka," in ji shi. "Wa zai bar raƙumi ya saci akala?"

"Wace makaranta ce Shaho?"

"Ni dai abin da na sani game da shaho, yana ɗaukar 'yan tsaki."

Ta sallame shi, ta koma kan Auta, ta tsare ta da ido.

"Wataƙila ke ce ba ki son a ga abin da ke cikin katin."

"Ni na roƙi mai jarrabawar da zai zo daga waje ya kalle shi. Babi na biyar gaba ɗaya a kansa ya dogara."

"Me ke ciki?"

"A makarantar ne ake koyarwa da tsarin da Farfesa ya ƙirƙiro, wanda ya fito da sunansa. Yaran suna karanta littafinsa kamar ruwa. Da na ba su wani shafi da ba su taɓa gani ba, sai ajin ya yi tsit. Hadda suke yi, ba karatu ba."

Sufeto ta san littafin. Da wannan littafin ake koya wa 'yarta, kuma ko jiya ta shi mata albarka a kan karatun.

"Su wa suka san cewa Shaho ita ce wannan makarantar?"

"Ni da mai duba aikina." Sai ta ɗago a firgice. "A'a, ranki ya daɗe. Uba ne a gare ni. Da mahaifina ya rasu, shi ya hana ni barin karatu."

Bayan sallar azahar Sufeto ta shiga ofishin Farfesa, Auta tana biye da ita. Dattijo ne mai furfura, littattafai sun kewaye shi har rufi.

"A rufe maganar nan, Sufeto," in ji shi. "Makarantu ukun da suka rage sun isa a ba yarinyar nan digirinta."

"Allah ya gafarta malam, bari in faɗi abin da na gani, in na yi kuskure ka gyara mini. Ɓarawon waje ba shi da mabuɗi. Injiniya yana da mabuɗi, amma bai san wane tsuntsu ne wace makaranta ba. Wanda ya yi aikin bai buɗe sauran ambulan ɗin ba, kai tsaye ya nufi guda. Mutum biyu ne suka san wannan sirrin. Ɗaya tana neman a kalli katin, ɗaya kuwa yanzu ya ce a manta da shi."

Farfesa ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi. Daga nan ya jawo aljihun teburinsa, ya fito da katin, ya ajiye.

"Na sa shi ƙarƙashin takalmina zan take," ya ce. "Ƙafar ta ƙi. Tsawon rayuwata ina gaya wa ɗalibai cewa mai bincike ba ya lalata shaida."

Auta ta zuba wa katin ido.

"'Yata," in ji Farfesa, "ki ɗauki katinki, ki cire babin, mako mai zuwa ki zama dokta. In maganar ta fita, za a dakatar da ni, ke kuma ba za ki kare kundinki ba sai an samo wani mai dubawa. Yana iya kai shekara."

Sufeto ta ɗauki katin da hankici, ta juya wajen Auta. "Ke aka yi wa sata. Sai abin da kika ce."

Auta ta share fuskarta da gefen mayafinta, ta dubi dattijon, sannan ta sauke kai.

"Allah ya saka maka da alheri a kan abin da ka yi mini a baya, Baba. Ranki ya daɗe, ki rubuta ƙarata. Babi na biyar yana nan yadda yake. Zan jira shekarar."