Katakon Katangar Martins

Da yammacin wata Laraba, a daminar shekarar da naira ta fito, Martins Kumai yana buga ƙusoshin ƙarshe a katangar bayan gidansa da ke gefen Kafanchan. Rana ta riga ta faɗi. Matarsa Martina ta leƙo daga kicin ta ce masa ba a buga ƙusa da magariba. Ya ce wannan maganar tsofaffin ƙauye ce, ya ci gaba da abinsa.

Gidan a gindin tudu yake, shi ya sa da ya ajiye aikin reluwe ya sa aka zuba katangar kankare don ta tare ƙasa, kada ruwan sama ya turo ta cikin lambu. Birkila ya bar ramuka a ƙasan katangar don ruwa ya riƙa tsiyayewa. To, Martins mutum ne mai son a zo a gani a yaba. Kankaren ba kyan gani, ramukan kullum cikin zubar da jan ruwa, ga kwaɗi. Sai ya sayo katakon tsohon tarago a gwanjo, ya goge, ya shafa masa baƙin mai saboda gara. Ramukan ya cusa musu tsumma ya liƙe da siminti, sannan ya jera katakon a kai sumul, ko allura ba ta shiga tsakani.

Yana tsaye yana kallon aikinsa sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo baya. Ba kowa a kan tudun, sai dawa a tsaye, ko iska babu. 'Yarsu Emilia, wadda ta zo hutu daga makarantar horon malamai, tana tsinkar yakuwa a gindin katangar. Tasar yakuwar ta suɓuce daga hannunta, ta zauna a ƙasa, ba ta sake cewa uffan ba.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa, kunu ma sai an ɗura mata. Da magariba ta yi sai jifa, bayan jifa sai a ji ƙwanƙwasa daga bayan katakon, a hankali, ta tsaya, ta dawo. Martins ya ce laima ce ta sa katako motsi. Duk inda ya ji bugun sai ya ɗauko guduma ya ƙara ƙusa a wurin.

An kai Emilia asibiti, aka ba da maganin zazzaɓi. Katikis ya zo da mata zumunta, suka yi addu'a, aka yayyafa ruwa mai tsarki. Jifan ya lafa yini ɗaya ya dawo. Daga ƙarshe Martina ta kai kukanta wurin Iya Kubra, mai sayar mata da busasshen kifi a kasuwa, ita kuwa ta ce za ta turo yayanta Malam Musbahu. Martins ya so ya hana, don gudun abin da za a ce a majami'a. Amma da ya ɗaga Emilia zai gyara mata kwanciya, ya ji ta sakayau kamar kwando, tsoro ya kama shi, ya ce a kira Malamin.

Malam ya iso rana na gab da faɗuwa, hadari ya haɗo a gabas. Ya sa aka fito da ita tsakar gida a kan tabarma, ya zuba turare a garwashi, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ko kaza ba ta yi motsi a gidan ba. Can sai Emilia ta miƙe zaune, bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Malam, daina ƙona ni. Ba ni na fara ba."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"A tudun nan nake tun ba a shimfiɗa hanyar jirgi ba. Suka zuba kankare, na yi haƙuri, tunda sun bar mana ƙofofi. 'Yata na ciki tana barci mutumin nan ya liƙe. Ya rufe tawa, na rufe tasa. Suna can tare."

Martina ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Yesu! Baban Emilia, ka ji ko? Yarinyan mu ne a ciki!"

Malam ya ce, "Bai sani ba. Ki sake ta, a buɗe miki."

"A buɗe tukuna. Wanda ya buga shi zai cire, da hannunsa, kafin duhu ya rufe. In duhu ya riga shi, na tafi da ita cikin tudu."

"In ya buɗe, kin rantse ba jifa, ba taɓa kowa a gidan nan?"

Muryar ta ce, "Na rantse. Amma kada a sake rufe mana hanya."

Martins ya ruga da dogon ƙarfe a hannu, sai ya tsaya cak. Aikin ya yi kyau har shi kansa ya kasa gane inda ramukan suke. Ya fara ɓanɓara daga gefe. Katakon tarago ba ya jin wasa, ga ƙusoshin da ya yi ta ƙarawa sun riƙe gam. Yayyafi ya sauko. Ƙarfen ya zame ya tsaga masa tafin hannu, bai ko duba ba. Yana fizga yana kiran sunan Emilia, katako na faɗuwa a kan yakuwa, haske na raguwa, bugun nan kuma sai ƙara rauni yake yi.

Da ya ga tabon simintin farko, ya kai masa duka da iyakar ƙarfinsa. Jan ruwa ya yi tsartuwa ya buge shi a ƙirji, mai sanyi, mai warin rami. Ya fasa na biyu, ya bi sauran da rarrafe cikin taɓo. A na ƙarshe wani siririn kuka ya fito tare da ruwan, ya bi ta cikin dawa ya haura tudu.

A tsakar gida Emilia ta yi atishawa mai ƙarfi ta faɗi a jikin uwarta. Malam ya shafa addu'a ya ce tsohuwar ta riga ta tafi.

Martins ya zo ya durƙusa a gabanta, jini da laka har gwiwar hannu. Ya kama hannunta, sai ya ga faratanta duk sun kakkarye, jar ƙasa ta cika ƙarƙashinsu, alhali tun ranar Larabar nan ba ta ko taɓa ƙasa da hannu ba. Ta dube shi, muryarta ta dawo amma a dushe.

"Baba, na yi ta buga maka," in ji ta. "Ina jin ka kana zuwa, sai in ce yau za ka buɗe. Sai in ji ka ƙara ƙusa."